Yadda Ake Gano Matsayin Rana a Sama ta Amfani da Shafukan Intanet

Wanda zai ɗora farantan sola a kan rufi, da wanda zai fitar da harsashin masallaci, da wanda yake shawarar ɓangaren da tagogin gidansa za su kalla, duk tambaya ɗaya ce a gabansu: a ina rana za ta kasance da ƙarfe kaza, a wata kaza, idan mutum yana tsaye a wannan fili? Tsofaffin magina sun san amsar ta hanyar lura da inuwa shekara da shekaru, amma wanda ya sayi fili a watan Maris ba zai iya jira har Disamba don ya ga inda inuwar benen maƙwabcinsa za ta sauka ba. Akwai shafukan intanet na kyauta da suke ba da wannan amsa nan take, kuma daidaiton lissafinsu ya wuce duk abin da aikin gini ko na sola yake bukata. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen abin da mutum ya shigar da kuma yadda ya karanta abin da aka fitar masa, musamman da yake yawancin bayanan da suke yawo an rubuta su ne don mutanen Turai, inda rana ba ta taɓa bi ta tsakar ka.

Lambobi biyu da komai ya rataya a kansu

Kowane shafi, komai yawan adonsa, lambobi biyu yake bayarwa don nuna inda rana take. Ta farko ita ce ɗagowar rana, wato yawan digirin da ta yi sama daga inda ƙasa da sama suka haɗu. Idan tana daf da fitowa ko faɗuwa lambar tana kan sifili, idan kuma ta zo daidai tsakar ka lambar ta kai 90. A shafukan za a ga an rubuta Altitude ko Elevation. Idan lambar ta zo da alamar ragi a gabanta, to rana tana ƙarƙashin ƙasa, ko dai ba ta fito ba ko kuma ta riga ta faɗi.

Ta biyu ita ce shiyyar rana, wadda ake rubutawa Azimuth. Ana fara ƙidayarta daga arewa a zagaya ta hannun dama kamar tafiyar hannun agogo: arewa sifili, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Saboda haka idan aka ce shiyyar rana 114 ce, ana nufin ta wuce gabas da digiri 24 ta karkata wajen kudu. Inuwa kuwa kullum tana kwance a ɗaya ɓangaren, don haka ana samun shiyyarta ne ta ƙara 180 a kan shiyyar rana, ko a cire 180 idan lambar ta haura hakan.

Tsawon inuwa daga ɗagowar rana ake fitar da shi. Idan rana ta ɗago digiri 45, inuwar kowane abu daidai take da tsayinsa. A digiri 30 inuwar tana kai wa tsayin abin sau 1.7, a digiri 60 kuma ba ta kai kashi 6 cikin 10 na tsayinsa ba. Wanda ya riƙe waɗannan ukun a ka zai iya gane lokacin da shafi ya ba shi amsar da hankali ba zai ɗauka ba.

Wane shafi ya dace da wane aiki

Ga mai farawa, SunCalc da yake a suncalc.org ya fi sauƙin sarrafawa, domin taswira ce yake nunawa. Mutum zai sa alama a kan gidansa, shafin ya zana layin da rana take fitowa ta kansa, da layin faɗuwarta, da layin inda take a lokacin da aka zaɓa. Akwai ma'aunin lokaci da ake ja da yatsa daga safiya zuwa dare, lambobin suna canzawa a gefe. Yana da gurbin da ake rubuta tsayin abu da mita, shi kuma ya ba da tsawon inuwarsa. Idan aka juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan'adam, mutum zai ga layukan sun bi ta kan katangarsa da bishiyar ƙofar gidansa, kuma wannan ne ya sa na fi son a fara da shi.

Hukumar NOAA ta ƙasar Amurka, wadda take kula da harkokin teku da sararin samaniya, tana da nata shafin lissafin. Bai kai SunCalc ƙayatarwa ba, amma ya fi dacewa da wanda lambobi yake so, kuma hukumar ta bayyana cewa lokutan fitowa da faɗuwar rana da yake bayarwa suna daidai cikin minti ɗaya a duk wuraren da ba su wuce digiri 72 arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu ba. Shafin timeanddate.com kuwa yana da jadawalin wata-wata na garuruwa da dama, da lokacin fitowar rana, da faɗuwarta, da zawali, da tsawon yini, sai dai da sunan gari yake aiki, ba lallai mutum ya sami ƙauyensu a ciki ba.

Masu aikin sola suna da shafuka biyu da suka zarce nuna matsayin rana kawai. PVGIS na cibiyar binciken Tarayyar Turai ne, yana ɗauke da bayanan Afirka, kuma yana ƙiyasta wutar da faranti zai bayar a kowane wata tare da karkatar da ta fi dacewa. Global Solar Atlas na Bankin Duniya ma yana yin irin wannan aiki a sauƙaƙe. Akwai kuma manhajojin waya irin su Sun Surveyor da Sun Seeker, waɗanda suke zana hanyar rana a kan abin da kyamara take gani. Suna da amfani idan mutum yana tsaye a fili, amma da kamfas ɗin waya suka dogara, shi kuwa kamfas ɗin waya rodi da kwano da jikin mota suna rikita shi ƙwarai, don haka ba a yanke hukunci da su a kan rufin kwano.

Shigar da wuri da lokaci

Mataki na farko shi ne samun lambobin wurin. A buɗe Google Maps, a danna yatsa a kan filin a riƙe, lambobi biyu za su bayyana. Ta farko latitud ce, wato nisan wurin arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, ta biyu kuma longitud, nisansa gabas ko yamma da layin Greenwich na Ingila. Birnin Kano yana wajen 12.0 da 8.52, Sakkwato 13.06 da 5.24, Maiduguri 11.83 da 13.15, Damagaram kuma 13.80 da 8.99. Ba sai an tsananta wajen neman ainihin ƙofar gida ba, domin a yankinmu sai mutum ya gusa wajen kilomita 27 gabas ko yamma kafin lokutan rana su canza da minti ɗaya.

Kurakuran da suke yin ɓarna manya ne, kuma uku ne aka fi faɗawa ciki. Na ɗaya shi ne juya lambobin. Wanda ya sa longitud ɗin Kano a gurbin latitud, ya sa latitud a gurbin longitud, zai sauka ne a kusa da Ganye ta jihar Adamawa. Da yake wurin yana cikin Nijeriya, agogon bai canza ba, mutum ba zai lura ba, alhali lokutan sun goce da kusan minti 14. Na biyu shi ne rikita digiri da minti: digiri 12 da minti 30 daidai yake da 12.5, ba 12.30 ba, domin minti 60 ne a cikin digiri. Na uku ya shafi mutanen Kumasi da Tamale da sauran garuruwan da suke yamma da layin Greenwich, waɗanda dole longitud ɗinsu ya zo da alamar ragi. Kumasi tana wajen 6.69 da -1.62, kuma idan aka manta alamar, lissafin zai yi gaba da kusan minti 13. Maganin duka ukun shi ne a dubi taswira bayan shigar da lambobi a tabbatar alamar tana kan garin da ake nufi.

Daga nan sai agogo. Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suna gaba da agogon duniya na UTC da awa ɗaya, Gana tana daidai da shi, Sudan kuma tana gaba da awa biyu. Wasu shafukan suna ɗaukar agogon daga wurin da aka sa alama, wasu kuma daga saitin wayar ko kwamfutar, saboda haka a duba a ga an rubuta UTC+1 kafin a yarda da kowace lamba. Idan akwai akwatin ƙarin awa na lokacin zafi, wanda ƙasashen Turai suke amfani da shi, a bar shi babu alama, domin babu ƙasar da take yin hakan a cikin waɗanda aka ambata.

A nan mai farawa yakan ga abin da zai sa ya zaci shafin ya yi kuskure, wato zawali ba ya faɗowa ƙarfe 12 daidai. Dalili shi ne agogon Nijeriya da Nijar an ɗora shi a kan longitud 15, wanda ya ratsa ta Chadi, rana kuma tana cin digiri ɗaya a cikin minti 4. Kano tana yamma da wannan layi da kusan digiri shida da rabi, don haka matsakaicin zawalinta 12:26 ne. Na Maiduguri 12:07, na Sakkwato 12:39, na Yamai kuwa wajen 12:52. Bayan wannan akwai wani sauyi na shekara-shekara da yake zuwa daga karkatar duniya da kuma yadda saurin zagayenta yake canzawa: a farkon Nuwamba rana tana riga matsakaicin lokaci da minti 16, a tsakiyar Fabrairu kuma tana makara da minti 14. Shi ya sa zawalin Kano yake yawo tsakanin 12:10 da 12:40. Wannan sauyin ne kuma ya sa magariba ta fi yin wuri a cikin Nuwamba, gari kuma ya fi jinkirin wayewa wajen ƙarshen Janairu, duk da cewa yinin da ya fi gajarta yana wajen 21 ga Disamba.

Gwaji da sanda kafin a dogara da shafi

Ba na ba da shawarar a auna harsashi ko a huda rufi kafin a gwada lissafin a ƙasa ko da sau ɗaya ne. A sami sanda miƙaƙƙiya a kafa ta a daɓe mai laushi wanda ba shi da gangara, a bar mita ɗaya cif a waje. A rataya igiya mai ɗaure da ƙaramin dutse a gefenta don a tabbatar a tsaye take, domin sanda mai ɗan karkata tana ɓata awon gaba ɗaya. A duba lokacin zawali na wannan rana a shafin, wanda SunCalc yake rubutawa Culmination, NOAA kuma Solar Noon. Idan lokacin ya yi, a sa ƙusa a ƙarshen inuwar, a auna da tef, a kwatanta da abin da shafin ya faɗa. Bambancin santimita ɗaya ko biyu ba komai ba ne, tunda bakin inuwa ba ya fita tsaf. Idan bambancin ya yi yawa, a koma a binciki agogo da lambobin wuri. Ba a kallon rana da ido a kowane mataki, inuwa kaɗai ake aunawa.

Layin da ya haɗa gindin sandar da ƙusar nan shi ne layin arewa da kudu na gaskiya, kuma ya fi duk abin da kamfas ɗin waya zai nuna inganci. Yana da kyau a ja shi da igiya a bar alama ta dindindin, domin duk sauran awon daga gare shi za a ɗauka.

Abin da za a gani a Kano shi ne kamar haka. A ranar 21 ga Disamba rana tana ɗagowa wajen digiri 54 da rabi da zawali, tana ɓangaren kudu, inuwar sandar kuma tana kwance arewa da tsawon santimita 71. A 21 ga Maris ɗagowar ta kai 78, inuwar ta ragu zuwa santimita 21. Wajen 22 ga Afrilu rana tana bi daidai ta tsakar ka, inuwar ta shige ƙarƙashin sandar. Daga nan har zuwa wajen 21 ga Agusta, rana tana arewa da Kano a lokacin zawali, inuwa tana faɗawa kudu, kuma a 21 ga Yuni tsawonta santimita 20 ne. Wata huɗu ke nan a shekara da ƙa'idar nan ta Turai, mai cewa rana kullum tana kudu da tsakar rana, ba ta aiki a wurinmu. Fitowarta ma tana yawo sosai: a Yuni tana ɓullowa ta shiyya 66 ta faɗi ta 294, a Disamba kuma ta ɓullo ta 114 ta faɗi ta 246. Tazarar digiri 48 ke nan tsakanin iyakokin biyu, kuma wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne kawai take fitowa ta gabas sak.

Fitar da alƙibla

Daga Kano alƙibla tana shiyya 68 da ɗan ɗoriya, daga Sakkwato wajen 71, daga Maiduguri kuma wajen 66. Ma'ana ba gabas sak take ba, ta karkata arewa da kusan digiri 20 ko fiye. Mafi yawan malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda yake nesa da Makka fuskantar shiyyar ce aka ɗora masa, don haka ba maganar tayar da hankali a kan masallatan da aka riga aka gina ake yi ba. Sai dai wanda zai fitar da sabon harsashi ba shi da dalilin barin abin da zai iya daidaitawa da sanda da igiya.

Hanya mafi sauƙi tana zuwa sau biyu a shekara, lokacin da rana take tsayawa daidai saman Ka'aba. Hakan yana faruwa a 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru lokutan su ne 10:18 da 10:27 na hantsi, a Gana 9:18 da 9:27, a Sudan kuma 11:18 da 11:27. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, kuma layin da ya tashi daga ƙarshen inuwa zuwa gindin sanda yana nuna Makka. A Kano rana tana wajen digiri 59 a lokacin, inuwar sanda mai mita ɗaya tana kai wa santimita 61, wadda ta isa a ja layi mai kyau. Matsalar ita ce Yuli tsakiyar damina ce, hadari yana iya rufe rana, amma idan aka yi awon kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta a daidai wannan lokaci, bambancin ba ya taka kara ya karya.

Shafukan lissafi suna fitar da mutum daga jiran waɗannan ranaku biyu. Tunda an san shiyyar alƙiblar gari, sai a ja ma'aunin lokaci a SunCalc har shiyyar rana ta zo daidai da wannan lamba, ko daidai da kishiyarta. Kishiyar 68 ita ce 248, kuma idan rana ta zo shiyya 248 da yamma, inuwa da kanta take miƙewa zuwa alƙibla. A Kano ranar 1 ga Nuwamba hakan yana faruwa wajen ƙarfe huɗu da kwata na yamma, rana tana digiri 23, inuwar sandar ta haura mita biyu, kuma doguwar inuwa ta fi ba da layi mai inganci. A guji yin wannan awo kusa da zawali a watannin Afrilu da Agusta, domin a lokacin shiyyar rana tana juyawa da sauri ƙwarai, makarar minti biyu tana iya kawo gocewar digiri masu yawa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma rana tana faɗuwa kafin ta kai 248, saboda haka dabarar ba ta aiki a Kano a waɗannan makonni.

Farantan sola da tsarin gini

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar faranti yana fuskantar kudu, da 'yar karkata wadda ba ta yi nisa da lambar latitud ɗin wurin ba, kuma PVGIS zai ba da takamaimiyar lambar idan aka zaɓi ya nemo mafi dacewa. Da yake rana tana bi ta sama sosai, asarar da ake yi idan an goce da digiri kaɗan ba ta da yawa. Abin da bai kamata ba shi ne a shimfiɗa faranti a kwance, domin ƙurar hunturu za ta zauna a kansa, ruwan sama kuma ba zai gangara ya wanke shi ba. Masu aikin sukan bar aƙalla digiri 10 saboda wannan. A kula da abu ɗaya a PVGIS: shi daga kudu yake fara ƙidayar shiyya, kudu sifili, gabas -90, yamma 90. Wanda ya ɗauko 180 daga SunCalc ya zuba a nan, ya gaya wa shafin cewa farantinsa arewa yake kallo.

Inuwa ta fi kuskuren karkata jawo asarar wuta. Faranti da yawa a jere ake haɗa su, kuma inuwar da ta faɗa a kan ɗaya tana rage abin da sauran layin yake bayarwa. A ɗauki tankin ruwa da ya ɗara farantan da mita biyu, yana kudu da su a kan rufi a Kano. Wanda ya je duba wurin a watan Yuni da rana tsaka zai ga inuwar tankin santimita 40 ce kawai, kuma kudu ta faɗa, sai ya ce wuri ya yi. A Disamba inuwar nan za ta juyo arewa ta kai mita 1.4 da zawali, da misalin ƙarfe tara da rabi na safe kuma, lokacin da rana take wajen digiri 34 a shiyya 129, za ta kai mita uku ta nufi arewa maso yamma. Don haka ƙa'idar ita ce a sa 21 ga Disamba a shafin, a ja lokaci daga awa uku kafin zawali zuwa awa uku bayansa, a ga inda inuwar tanki da eriya da bishiya da benen maƙwabci take bi. Sannan a maimaita da 21 ga Yuni saboda abubuwan da suke arewa da farantan, waɗanda littattafan Turai ba sa ma ambatawa.

Tazarar da ake bari tsakanin sahu da sahu na farantan ma daga nan ake fitar da ita. Faranti mai tsawon mita biyu da aka karkata digiri 15 yana ɗaga bayansa santimita 52, kuma a Kano tazarar rabin mita ta wadatar a tsawon waɗannan awanni shida ko a Disamba. A Berlin ta Jamus rana tana wajen digiri 14 ne kawai da zawali a 21 ga Disamba, inuwa tana ninka tsayin abu sau huɗu, shi ya sa zanen da aka kwafo daga can yake cinye rufi ba gaira ba dalili.

A wajen gini, lambobin suna nuna cewa bangon yamma ne abin tsoro. A tsakiyar Afrilu, lokacin da bazara ta kankama, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma rana tana wajen digiri 30 a shiyya 274, wato tana dukan bangon yamma kai tsaye. Taga mai tsayin mita 1.2 a wannan bango sai an yi mata rumfa mai faɗin kusan mita biyu kafin ta sami inuwa, abin da ba kowa zai iya ba. Irin wannan taga a bangon kudu rumfar santimita 85 ta ishe ta da zawali ko a Disamba, a bangon arewa kuma santimita 25 ta isa da zawali a Yuni, ko da yake ranar safe da ta yamma tana goga wannan bango a karkace a watannin damina. Saboda haka idan fili ya ba da dama, a miƙar da tsawon gini daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa, a bar wa ɓangaren yamma bayan gida da sito da matakala, ko a dasa darbejiya a wurin.

Lokutan salla da iyakar abin da shafi ya sani

Lokutan salla duk suna da alaƙa da waɗannan lambobi, kuma mutum zai iya amfani da shafin ya fahimci jadawalin da yake rataye a masallacinsu. Azahar tana shiga bayan zawali. La'asar a mazhabar Malikiyya tana shiga idan inuwar abu ta kai tsayinsa bayan an ƙara inuwar da ta rage da zawali. A Kano ranar 21 ga Disamba hakan yana nufin inuwar mita 1.71 ga sanda mai mita ɗaya, wato ɗagowar digiri 30, wajen ƙarfe 3:40. Manhajar da aka saita a kan mazhabar Hanafiyya za ta jira inuwar ta ninka biyu, kuma wannan ne yakan sa wayoyi biyu su yi kiran la'asar a lokuta mabambanta. Asuba da isha'i sun dogara da nisan rana a ƙarƙashin ƙasa, kuma hukumomi sun saɓa a kai: Rabiɗatul Alamil Islami tana amfani da digiri 18 ga asuba da 17 ga isha'i, hukumar safiyo ta Masar kuma 19.5 da 17.5. Digiri ɗaya a yankinmu ya ɗan haura minti huɗu. Zaɓen wadda za a bi hurumin malaman gari ne, shafin lissafi ba ya yanke wannan.

Shafukan suna ɗaukar cewa rana ta faɗi idan tsakiyarta ta yi ƙasa da digiri 0.833, lambar da ta haɗa rabin faɗin rana da lanƙwasar da iska take yi wa haske, kuma suna ɗaukar cewa fili a shimfiɗe yake babu dutse babu gini. Wanda tsauni yake yamma da shi zai daina ganin rana kafin lokacin da aka rubuta, wanda yake saman dogon bene kuma zai ci gaba da ganinta na ɗan lokaci bayansa. Hazon hunturu ma ba ya cikin lissafin. A ranar da ƙura ta yi kauri rana takan ɓace wa ido tana da sauran digiri masu yawa a sama, kuma ga mai azumi lambar da shafin ya bayar ta fi ɓacewar da ido ya gani zama abin dogaro.

Wanda yake aiki a inda sabis ba shi da ƙarfi zai iya sauke jadawalin Excel da NOAA ta ajiye a shafinta. Iri biyu ne: ɗaya yana ba da matsayin rana a tsawon yini guda, ɗayan kuma yana ba da na kowace rana a shekara a lokaci ɗaya da aka zaɓa. Ana rubuta latitud da longitud da lambar agogo a gurabe uku na sama, wato 1 ga Nijeriya da Nijar, sifili ga Gana, sauran ginshiƙan kuma su cika da kansu. Jadawalin yana aiki ga shekarun 1901 zuwa 2099, kuma idan aka sauke shi sau ɗaya ba ya sake bukatar data.